Minti Uku a Part-Dieu

Paris, 14 ga Oktoba 1985

Zuwa ga Kawu Abdourahamane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Tanti Zouera da yara. Ni ma lafiya lau, sai sanyin da ya fara shigowa.

Ban sani ba ko za ka tuna da ni. Ni ne Chaibou, ɗan Sabuwa ta unguwar Birni a Damagaram. Kakarka da kakar Inna uwarsu ɗaya, kuma Inna ta ce a tsakar gida ɗaya kuka tashi, har ta goya ka. Ina da shekara bakwai ka bar gida. A watan Yuni na gama karatun injiniya a nan, na sami aiki a wani ofis da ke zana hanyoyin jirgin ƙasa. Ina cikin wata uku na gwaji.

Ga abin da ya sa na rubuto. Cutar yanar ido ta rufe wa Inna ido biyu, shekara uku ke nan ba ta ganin komai sai inuwa. Wani likita Bafaranshe da ya duba ta a Damagaram bara yana aiki a wani asibiti a Lyon, ya yarda ya yi mata aiki. Za a kwantar da ita ranar Alhamis 14 ga Nuwamba. Takardar asibitin ta ce kafin ƙarfe uku na rana, in ba haka ba a ba wani gadon. Likitan kuma zai tafi Chadi a ƙarshen watan, ba zai dawo ba sai bayan shekara.

Jirgin saman da aka samar mata zai sauka Paris da ƙarfe shida na safiyar wannan Alhamis ɗin. Maƙwabcinmu Alhaji Mounkaila, mai zuwa sarin kaya, shi zai riƙo hannunta. Ni zan iya kai ta tashar jirgin ƙasa, amma ba zan iya raka ta ba, domin da ƙarfe ɗaya za a tafi da mu kusa da Vendôme auna ƙasa, kwana goma. Sau biyu na roƙi shef ɗina, shugabana a ofis, safiyar kawai ya ba ni.

Kawu, ba ni da kowa a Lyon sai kai. Ina roƙonka ka tarye ta a tasha ka kai ta asibiti. Ba ta gani, ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, kuma ba ta taɓa shiga jirgin ƙasa ba.

Ɗanka,
Chaibou

Paris, 28 ga Oktoba 1985

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Yau kwana goma sha huɗu da na aiko maka wasiƙa, ban ji komai ba. Wasiƙa tsakanin Paris da Lyon ba ta wuce kwana biyu. Na sake karanta kwafin da na ajiye sau huɗu, ko na faɗi abin da bai dace ba. In shirun da na yi shekara shida ina ƙasar nan ban neme ka ba ne ya ɓata maka rai, ka yi gaskiya, kuma ina neman gafara. Amma kada laifina ya shafi Inna.

Wannan karon na aika ta masana'antar da kake aiki a Saint-Fons, wani ɗan Maraɗi ya ba ni adireshin. Na sa kwafin ta farko a ciki. Saura kwana goma sha bakwai.

Chaibou

Vénissieux, 2 ga Nuwamba 1985

Ɗana Chaibou,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, ni da Zouera da yara, sai gwiwa da ke tuna min shekaruna.

Wane fushi? Dogon benen da ka aika wa wasiƙar farko an kwashe mu daga cikinsa tun bara, tattabaru ne kaɗai a ciki, su kuma ba sa karatu. Ta biyun ce shef ya miƙa min a luzin, masana'antarmu. Na karanta a tsaye, sai da na nemi kujera. Yaya Sabuwa! Har yanzu akwai tabo a goshina na ranar da na zame daga bayanta.

Ka kwantar da hankalinka, Mushe Injiniya, in ji Faransawa. Ka ƙirga kwanaki kamar mai jiran haihuwa. Ni na san jirgin ƙasa tun ba a haife ka ba. Na hau na Kano zuwa Ikko, kwana biyu muna tafiya, kowace tasha mu sauka mu sayi rake, mu yi alwala, mu yi salla, direba yana jiranmu. Da na sauka daga jirgin ruwa a Marseille a 1968, jirgin ƙasa ne ya kawo ni Perrache, tashar Lyon. Na san Perrache kamar ɗakina. Na riga na karɓi hutun ranar, zan je can tun da wuri in zauna in jira ta.

Akwai kuma nauyin da nake ɗauke da shi. Shekara biyar da rasuwar mahaifinka, Allah ya jiƙan Malam Saley, ban yi wa Yaya gaisuwa baki da baki ba. Wasiƙa na aika, wani ya karanta mata. Wannan ba gaisuwa ba ce. Allah ya kawo ranar da zan sauke.

Zouera ta ce ka faɗa mata abin da Yaya ke ci da abin da ba ta ci. Ta ce kuma kai ma ka riƙa ci, rubutunka na mai yunwa ne. Ga lambar talhon gida a baya.

Kawunka,
Abdourahamane

Paris, 6 ga Nuwamba 1985

Kawu,

Na gode, Allah ya saka da alheri. Ina gaida Tanti, a faɗa mata Inna ba ta cin yaji kuma tana son kunu da zafinsa.

Amma Kawu, don Allah, ba Perrache ba. Jirgin Inna ba zai bi ta Perrache ba. A Part-Dieu zai tsaya, sabuwar tashar da aka buɗe a watan Yuni na 1983. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, shafi uku ce, ka karanta duka.

Jirgin da ka sani ba shi ne wannan ba. Kamfanin jiragen ƙasar nan, SNCF, an kafa shi a 1938, da aka haɗe tsofaffin kamfanoni wuri ɗaya, har da PLM mai hanyar Marseille da ka bi. A zamaninka jirgi mafi sauri yana cin kusan awa huɗu daga Paris zuwa Lyon. A watan Satumba na 1981 aka buɗe sabuwar hanya aka sa TGV, mai launin lemo. Yanzu awa biyu ne, yana gudun kilomita 270 a awa. Ba a shiga sai da kujerar da aka ajiye da lamba. Ƙofofinsa su suke rufe kansu, ba mai riƙe su, kuma direba ba ya ganin wanda ke ɗaga masa hannu.

Na so in sama mata wanda tafiyarsa ke ƙarewa a Lyon, amma kujerun da suka rage a cikinsa na wurin masu shan taba ne, Inna kuwa hayaƙi yana sa ta tari. Wanda na samu yana tashi ƙarfe goma, ya iso Part-Dieu sha biyu da minti biyu, ya tsaya minti uku, ya wuce Grenoble. Minti uku, Kawu. Na gwada da agogo a ɗakina: daga kujera zuwa ƙofa, da jaka ɗaya, a tafiyar tsohuwa, minti ɗaya da rabi ne.

Tana tarago na 16, kujera ta 12, kusa da ƙofa. Jirage biyu ne a haɗe, na 1 zuwa 8 da na 11 zuwa 18, kuma ba a ratsawa daga ɗaya zuwa ɗaya ta ciki. Akwai allo a dakalin jira da ke nuna inda kowane tarago zai tsaya. Ka tsaya daidai wurin. In ya tsaya ka shiga, ka kama hannunta, ku fito. Gaisuwa a ƙasa. Na san nauyin da ka ambata, Allah ya ba ka lada, amma a ƙasa.

Shafi na uku na abin da za a yi ne in an sami kuskure. In ƙofa ta rufe da Inna a ciki, wanda ke ƙasa kada ya tsaya jira, ya wuce asibiti da kwafin takardunta da na sa a ambulan ɗin nan, ya faɗa musu tana hanya. Na kwafe lokutan jiragen da ke dawowa daga Grenoble, na ja layi ƙarƙashin biyu. Zan ba mai duba tike irin wannan takarda da Faransanci tun a Paris.

Na san za ka yi dariya. Ƙasarmu ba ta da layin dogo ko taku ɗaya, ni kuma ga ni ina koya wa wanda ya hau jirgin Ikko shiga jirgi. Ka yi dariyar, amma ka karanta.

Ɗanka,
Chaibou

Kusa da Vendôme, Alhamis 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kawu,

Ina fatan lafiya. Ban san me zan rubuta ba, amma na kasa zama.

Na sa Inna a jirgi da hannuna, na huda tikenta a na'ura, na zaunar da ita, na ba mai duba tike takardar. Ta shafa fuskata ta ce in tafi aikina. Jirgin ya tashi ƙarfe goma daidai.

Na kira gidanka ƙarfe ɗaya saura kwata kafin mu bar Paris, ba a ɗauka ba. Na roƙi direbanmu ya tsaya a hanya, na sake kira ƙarfe biyu da rabi, shiru. Ƙarfe uku da minti goma na kira asibiti. Matar ta ce e, akwai mace a gadon Madam Sabuwa, tana jin Faransanci sosai, har ta yi musu da su. Kafin in ƙara tambaya ta ajiye.

Kawu, Inna ba ta jin Faransanci. Wace ce a gadon? An ba wata ne? In an ba wata, ina Inna? Na kira gida ƙarfe huɗu da ƙarfe biyar. Zan jefa wannan a akwatin gidan waya in koma in sake kira.

Chaibou

Vénissieux, Asabar 16 ga Nuwamba 1985

Ɗana Chaibou,

Lafiya lau, lafiya lau, lafiya lau. Na rubuta sau uku don ka ƙirga. Shekaranjiya da ka same ni a talho na ce maka Yaya tana gadonta, na ajiye. Ban ƙara komai ba saboda Zouera tana tsaye a kaina. Yau da wasiƙarka ta zo ta ce in zauna in rubuta maka gaskiya da hannuna, za ta karanta kafin a liƙe.

Mun je Part-Dieu, ba Perrache ba, a ba ni wannan. Na tsaya inda allon ya ce. Zouera tana riƙe da bargo da kunu a gora. Jirginka ya shigo kamar an jefo shi, ƙofar tarago na 16 ta buɗe a gaban hancina. Na shiga, niyyata in kama hannu in fito yadda ka ce.

Sai na gan ta. Tana zaune ta miƙe wuya, jaka a cinya, fuskarta tana neman inda sauti yake. Na ce, "Yaya." Ta ce, "Abdou? Muryarka ta tsufa." Chaibou, ban san lokacin da na durƙusa ba. Macen da ta goya ni, shekara goma sha bakwai, in ja hannunta kamar buhun gero? Na ce mata ina gajiya, ya hanya, ya mutanen gida. Na ce, "Yaya, ya haƙurin Malam Saley?" Ta ce, "Haƙuri sai Ma'aiki." Ta ɗaga hannu, na ɗaga. Ina tsakiyar Fatiha na ji wani abu ya yi tsaki a bayana. Na ji ana buga gilashi kuma. Na san Zouera ce, na san kuma ƙofa ce. Amma wa ke yanke Fatiha? Da muka shafa, dakalin yana tafiya baya da Zouera a kansa.

Yaya ta ce, "Ba mu sauka ba?" Na ce jirgin bai jira ba. Ta ce, "Abdou, tun kana yaro in aka aike ka sayen gishiri sai an gama tuwo."

Mai duba tike, wani dogo mai gashin baki, ashe yana tsaye a bayana da hularsa a hannu. Ya zo ya taimaka mata ta sauka, ya tarar na tare hanya ina addu'a, ya kasa tsallake ni. Ya zaro takardarka daga aljihu ya ce, "Ɗanta ya san ka sosai." Ni ban san me ke ciki ba. To, a nan zan faɗi abin da Zouera ke jira: rabin shafin wasiƙarka kawai na karanta. Da na kai wurin 1938 na ce yaron nan lacca yake min, na leƙa lambar tarago, na ajiye.

Ita ta karanta duka, har sau biyu, ta sa a jakarta. Ta ce ko minti ɗaya ba ta ɓata wurin zagina ba, ta bar shi sai daga baya. Ta ɗauki taksi zuwa asibiti, ta miƙa takardun, ta sa aka nuna mata gadon, ta hau ta zauna da bargonta da gorarta. Wata ma'aikaciya ta zo da maganin ɗigawa a ido, ta ce ta kwanta. Zouera ta ce, "Idona ƙalau, mijina ne ba ya gani." Ƙarfe uku babbarsu ta zo ta ce doka doka ce, akwai mai jiran gado. Zouera ta buɗe mata shafinka na uku, ta sa yatsa a kan layin da ka ja, ta ce suna cikin wannan jirgin, zai iso uku da minti ashirin da biyar, in ba su zo ƙarfe huɗu da kwata ba ita da kanta za ta gyara wa mai jiran gadon. Aka kira likita. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi dariya, ya ce ya yi wata shida a Damagaram, ya san tsawon gaisuwarmu, a jira.

Mu kuwa mun ga Grenoble. Ni dai na gani. Mai gashin baki ya damƙa mu a hannun wani ma'aikacin tasha, shi ya sa mu a jirgin da ka ja wa layi. Na ce wa Yaya ga duwatsu nan kewaye da gari, kowanne da fari a kansa. Ta ce in adana mata su, za ta zo ta duba ko ƙarya nake. Mun shiga ɗakin ƙarfe huɗu da minti biyar. Na duba agogo saboda kai.

An yi aikin idon dama jiya da safe. Yau likita ya ɗaga bandejin. Ta daɗe tana ƙifta ido, ta dubi Zouera ta ce, "Ke ce mai kunu." Ta juyo wurina ta ce, "Wannan tsohon fa, wa ya bar shi ya shigo?"

Na hagu sai Juma'a mai zuwa. Ka yi aikinka da kyau. Zouera ta karanta, ta ce na rage wasu abubuwa amma a bar ni.

Kawunka,
Abdourahamane

Paris, 2 ga Disamba 1985

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Tanti gaisuwa ta musamman, da yara. Ni da Inna mun iso Paris lafiya jiya. Inna ta yi barci sosai, yanzu tana bakin tagar ɗakina tana ƙirga bututun hayaƙi a kan rufin maƙwabta.

A gidanka na kasa faɗin abin da ke raina. Da wasiƙarka ta same ni a Vendôme na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na rubuta amsa mai shafi biyu na yaga. A jirgi jiya Inna ta ce min tun rasuwar Baba mutane da yawa sun yi mata gaisuwa, amma taka ce take jira, domin kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka kai ta ɗakinsa. Ta ce da ka ja hannunta ba ka ce komai ba, da ta bi ka, amma da ba ta yafe ba. Ban sa wannan a lissafina ba. Na auna daga kujera zuwa ƙofa ne kawai.

Ta gan ka a dakali da muka tashi. Ta ce in tambaye ka me ya sa ka tsaya can nesa jikin bango, Tanti tana riƙe da hannun rigarka.

Na sama mata kujerar taga. Na shirya in yi mata bayanin hanyar, inda sabon layi ya fara da inda ake kaiwa cikakken gudu. Ba ta ba ni dama ba. Bayan Mâcon ta ga fararen shanu a kan tudu, ta ce, "Chaibou, ga shanu ba makiyayi! Na wane ne?" Ta ga coci, ta ga wata mata tana shanya, ta ga kare yana bin tarakta. Kowanne sai ta taɓa ni. Da ta gaji da waje ta juyo ta dube ni da sabon tabaranta har na ji kunya. Ta ce na yi kama da Baba, amma shi yana cin abinci.

Ranar Juma'a shef ya kira ni ya ce an tabbatar da ni a aiki. Inna ta ce to in yi sauri in koya, in zo in shimfiɗa mata irinsa daga Damagaram zuwa Yamai, amma nata ya riƙa tsayawa ana gaisawa. Kafin ta koma gida tana son ganin duwatsun da ka adana mata. Na duba, akwai jirgi ranar Asabar 14 ga wata. Zan ajiye kujera huɗu, wannan karon har Grenoble da gangan.

Na san za ka tambaya ko jirginmu ya iso Paris a kan lokaci. Ban sani ba, Kawu. Inna tana nuna min wani kogi, ban duba agogo ba.

Ɗanka,
Chaibou